Alhakin Ƙurar Tsohon Fenti, a Wuyan Wa?

A unguwar Bronx ta birnin New York, inda nake cin abinci da gyaran gidaje, yawancin benayen da mutanenmu ke haya a ciki sun girmi iyayenmu. Kowane katakon taga, kowace ƙofa, kowane ƙarfen ɗumama ɗaki, an bi shi da fenti a kan fenti har ba wanda ya san sau nawa. Can ƙarƙashi akwai tsohon fentin da aka haɗa da dalma. Hukumar birnin ta hana shafa shi a cikin gidajen zama tun 1960, gwamnatin tarayya ta hana a ƙasar baki ɗaya a 1978, amma hanin bai kankare wanda ya riga ya hau bango ba. Har yau gidaje fiye da miliyan 30 a Amurka suna ɗauke da shi. Muddin bai ɓare ba, ba a kuma gurje shi ba, haɗarinsa da sauƙi. Ranar da wani irina ya shigo da samfefa da makankara da injin gurza, ranar ce ake tashe shi.

A ce ga wani bawan Allah ya zo daga Agadas, ko Kumasi, ko Sakkwato, ya samu aikin yini a wurin wani ɗan kwangila. An ce masa ya gurje tagogi ya shafa sabon fenti. Ya yi aikinsa tsakani da Allah, bai ha'inci kowa ba, ya share ɗakin da tsintsiya fes, ya karɓi haƙƙinsa ya aika wa mahaifiyarsa rabi. Bayan tafiyarsa, 'yar gidan mai wata goma ta yi rarrafe a wurin, ta kai hannu baki kamar yadda kowane yaro ke yi. Ba ta yi zazzaɓi ba, ba ta yi kukan da zai sa a tafi asibiti ba. Sai da ta shiga firamare malamarta ta fara cewa yarinyar nan ba ta riƙe karatu, ba ta iya zama wuri ɗaya. Shi kuwa mutumin ya ma manta ya taɓa shiga gidan. To, ranar tsayuwa gaban Ubangiji, akwai abin da za a tambaye shi game da wannan yarinya?

Na kai maganar gaban wani dattijo da ke ba mu karatun fiƙihu bayan sallar asuba a ƙarshen mako. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutumin nan fa bai sani ba, bai kuma yi nufi ba." Ya ce, "Ɗana, in bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani, ina kyautata wa Allah zato ba zai kama shi da zunubi ba. Amma kada ka yi saurin murna. Ɗauke zunubi daban, ɗauke lamuni daban." Ya tuna mini da maharbin da ya auna barewa kibiyarsa ta samu mutum: ba a kiransa mai kisan ganganci, amma diyya ta hau, kaffara ma ta hau. Ya tuna mini cewa malaman mazhabar Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, biyan kayan mutane da suka salwanta a hannunsu, ko da sun rantse ba su yi sakaci ba, saboda in ba haka ba dukiyar jama'a za ta zama abin wasa. Haka wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, in ya yi ɓarna shi zai biya.

Magabata ba su bar maginai a baya ba a wannan babi. A birnin Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini da ake kira Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini ya kawo musu bayani. Ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, ya yi magana a kan hayaƙin gidan burodi da ke shiga gidan maƙwabci, da warin majema, da girgizar da dutsen niƙa ke yi wa bangon wani, da tagar da ke leƙen tsakar gidan mutane. Ina jin daɗin ambatonsa, domin mutum ne mai ƙasa a farce, kuma ya san cewa ɓarnar magini ba ta tsayawa a kan wanda ya ba shi aiki. Tana tsallake katanga.

Sai dai duk waɗannan hukunce-hukunce suna buƙatar abubuwan da ƙurar dalma ba ta bayarwa. Hayaƙi ana ganinsa, wari ana jinsa, bangon da ya tsage ana iya sa yatsa a tsagar. Mai ƙara yana zuwa gaban alƙali ya ce ga abin da aka yi mini, ga wanda ya yi, ga ranar da aka yi. Ƙurar dalma ba ta da wari, kuma wadda ta fi cutarwa ta yi ƙanƙantar da ido ba ya kama ta. In ta shiga cikin yaro, jikinsa yana karɓarta a matsayin sinadarin da yake gina ƙashi da shi, ya kai ta jini, ya kai ta ƙwaƙwalwar da ke tsakar ginuwa, sauran ya adana a ƙashi shekaru da dama. Mace na iya ɗaukarta tun tana yarinya, sai ta samu ciki sannan ƙashinta ya sako ta ga ɗan tayi. Maganin da likitoci ke bayarwa don janye dalma daga jini sai abin ya yi tsanani ake ba da shi, kuma yana ceton rai ne, ba ya mayar da basirar da ta tafi. A wani bincike da aka wallafa a 1979, wani likitan yara, Herbert Needleman, ya tattara haƙoran nono da suka faɗi daga bakin 'yan makaranta a garuruwan Chelsea da Somerville kusa da Boston, ya auna dalmar da ke cikinsu. Yaran da haƙoransu suka fi dalma su ne suka fi rauni a jarrabawar basira, su ne kuma malamansu suka fi kuka da rashin natsuwarsu, alhali ba ɗaya daga cikinsu da aka taɓa ɗauka mara lafiya. Tun daga nan ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke kallo a jinin yaro yake ta sauka: maikirogiram 10 a kowace desilita a 1991, ya koma 5 a 2012, ya koma 3.5 a 2021. Likitoci kuma sun ce ba a san wani adadi da za a kira shi lafiya lau ba.

Wane alƙali ne zai yi hukunci a nan? Yarinyar ba ta san an cuce ta ba, iyayenta ba su san wa za su kama ba, mai aikin bai san ya yi ɓarna ba. Ko an kama shi, da me zai biya? Ba a sayar da basira a kasuwa. Ƙofar lamuni, wadda shari'a ke gyara ɓarna da ita bayan ta auku, kusan a rufe take. Kuma idan ba abin da za a iya yi bayan aikin, nauyin duka ya koma kan abin da ya kamata a yi kafin aikin, wato sani.

Duk wanda ya yi makarantar zaure ya wuce ta farkon Ahalari, inda aka koya mana cewa baligi ba ya kutsawa cikin wani aiki kafin ya nemi hukuncinsa wurin masana. Mun saba ɗaukar wannan a kan alwala da azumi da ciniki. Ban ga dalilin da zai hana ya hau kan mai riƙe da injin gurza a ɗakin da jariri ke kwana ba. Jahilci yana zama uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar kawar da shi. Wanda aka buɗe masa aji a unguwarsu, aka ce zo ka koya, ya ƙi, ba zai fake da rashin sani ba.

Amma a yi adalci. Jahilcin lebura a wannan fage wasu ne suka gina masa shi. Tun 1904 wani likita a Brisbane ta Ostareliya, Lockhart Gibson, ya bayyana cewa fentin bangaye da shingayen baranda ne ke sa wa yaran garin guba. A 1909 Faransa da Beljiyam da Ostiriya suka taƙaita amfani da farin fentin dalma a cikin gidaje. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kansa a Janiba. Amurka ba ta bi ba. Masana'antu suka ci gaba da tallarsa shekaru gommai, wani kamfani har littattafan zane ya riƙa bugawa don yara su san sunan fentinsa. Waɗanda suka sani suka yi shiru, ko suka yi musu saboda riba, nasu hisabin ya fi ƙarfin alƙalamina. Abin da ya shafe mu shi ne cewa ilimin ya daɗe a duniya, ya kwana a mujallun likitoci da ofisoshin gwamnati, bai iso hannun mai samfefa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan tsakanin ganewar Gibson da ranar da aka wajabta koya wa mai gyaran gida abin da zai yi.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da dokar da ta wajabta hakan a 2008, ta fara aiki sosai ranar 22 ga Afrilu, 2010. Ta shafi duk wanda ake biya ya yi gyara a gidan da aka gina kafin 1978, ko a wurin renon yara 'yan ƙasa da shekara shida, in dai aikin zai taɓa fentin da ya wuce murabba'in ƙafa 6 a cikin ɗaki ko 20 a waje. Canza taga kuwa ko ƙanƙanuwa ce ta shiga. Dole kamfanin ya yi rajista, dole kuma a samu aƙalla mutum ɗaya mai takardar shaidar horo da zai kula da aikin, shi ne kuma zai koya wa sauran ma'aikata a bakin aiki. Horon na awa 8 ne, biyu daga ciki na gwaji da hannu, sannan a sabunta bayan shekara biyar. An haramta ƙona fenti da harshen wuta. An haramta na'urar hura zafi in ta kai digiri 1,100 a ma'aunin Faranhait. An haramta injin gurza sai in an haɗa shi da mazuƙar ƙura mai matacin HEPA. A shimfiɗa leda mai kauri ƙafa 6 daga wurin aiki a ciki, ƙafa 10 a waje, a rufe ƙofofi da hanyoyin iska, a kafa alamar gargaɗi. In an gama a naɗe ledar datti na ciki, a zuƙe, a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan a goga wani farin ƙyalle a ƙasa a gwada launinsa da wani kati. In ya fi katin duhu, a sake.

Wanda ya fi jan hankalina a dokar shi ne rukunin da jama'a ba sa gani: masu koyarwa. Ba kowa ke tashi ya buɗe aji ba. Ƙungiya ko makaranta sai ta nemi amincewar hukuma, ta nuna manhajarta da jarrabawarta, ta nuna wurin da ɗalibai za su yi gwaji da kayan aiki, ta ambaci manajan horo da babban malami, kowannensu da shaidar karatu da ta gogewa a aikin gini ko na dalma. Kafin kowane aji sai ta sanar da hukuma, don mai bincike ya iya faɗowa ba zato. Bayan aji ta aika sunayen waɗanda suka ci da hotunansu. Amincewar ta shekara huɗu ce, sai a sake nema. Kwalejojin unguwa, ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyoyin maginai, ƙungiyoyin sa kai da kamfanoni masu zaman kansu duk sun shiga.

Kuma an ga abin da ke faruwa idan aka wajabta karatu kafin a tanadi malamai. Da ranar fara dokar ta zo a 2010, 'yan kwangila a jihohi da dama suka yi ta kukan cewa ajujuwa sun cika, wasu yankunan ba mai koyarwa ko ɗaya a kusa. A watan Yuni hukumar ta ja da baya, ta ce ba za ta hukunta wanda ya yi rajistar aji kafin ƙarshen Satumba ya kuma kammala kafin ƙarshen Disamba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san ba a ɗora wa mutum abin da ba shi da ikon yi, ya kuma san cewa duk abin da farilla ta rataya a kansa shi ma ya zama farilla. In neman sani wajibi ne a kan kowane mai gyaran gida shi kaɗansa, samar da wanda zai koya masa wajibi ne a kan jama'a, kuma na jama'ar ne ke zuwa farko. Muddin ba a samar da malami ba, lebura yana da uzuri, laifin yana kan waɗanda suke da iko da sani suka zauna. Shi ya sa nake ganin aikin shirya ƙungiyoyi su iya koyarwa, wanda a ido aikin takardu ne da cike fom, a can ne alhakin yake sauya wuya.

Tsarin ya yi kama da yadda karatu ke tafiya a zaurukanmu: malami ya karɓa daga malami, ya ba da izini ga wanda ya tabbatar ya iya, shi kuma ya ba na bayansa. Mun san ƙarfin wannan hanya, mun kuma san cutarta, wato izinin da ake bayarwa don kunya ko don abin hannu.

Na zauna a aji iri biyu. A ɗaya, malamar tsohuwar mai fenti ce, hannunta duk kanta. Ba ta fara da doka ba. Ta yaga ƙaramar takardar sukari irin wadda ake sa wa a shayi, ta watsa a ƙasa, ta sa muka tattaka muka zagaya ɗakin, sannan ta ce to a tattaro mata sukarinta. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ƙurar dalma daidai wannan ta isa ta ɓata ɗakuna da yawa. Daga nan ta sa kowa ya durƙusa ya shimfiɗa leda, ya manne bakinta da tef, ya rufe ƙofa da leda biyu yadda mutum zai shiga ƙura ba ta fita ba. Ta sa muka sa fararen rigunan aiki muka cire, tana kallon wanda zai kaɗe tasa. Ta koya mana murɗe bakin buhun shara a lanƙwasa shi a ɗaure. Wani ya tambaye ta abin da zai yi da takalminsa, ta ce kada ya kuskura ya shiga gidansa da shi, kada kuma a wanke kayan aikinsa tare da na yara, domin masu gyaran gida da yawa 'ya'yansu suka fara kai wa gubar. Ajin ya yi tsit. Yawancinmu muna da ƙananan yara, kuma kowa ya san wanda ke rugowa ya rungume ƙafarsa in ya dawo daga aiki.

A ɗayan ajin, wanda ba zan ambaci masu shi ba, an kunna mana hotuna a bango, malamin yana danna waya. Ledar tana naɗe a kusurwa, ba wanda ya kwance ta. Da lokacin jarrabawa ya yi, sai ya riƙa karanta tambaya yana ɗaga murya a kan amsar da ake so. Akwai mutane a ɗakin da ba sa jin Turancin da ya wuce gaisuwa, su ma sun ci. Kowa ya fita da takarda mai hotonsa, kuma takardar ba ta da bambanci da wadda malamar can ta ba mu.

Takardar nan shaida ce. Mai sa hannu a kanta yana gaya wa uwar da bai taɓa gani ba cewa wannan mutumin ya san yadda zai yi aiki a ɗakin ɗanki ba tare da ya cuce shi ba. In ya san ba haka ba ne, ban san sunan da zan ba abin ba in ba shaidar zur ba, ita kuwa tana cikin manyan zunubai. Ta wata fuskar ma ɓarnarsa ta fi ta wanda bai buɗe aji ba sam. Kafin takardar, uwar tana iya yin shakka ta kwashe yaranta zuwa gidan 'yar'uwarta har a gama. Bayan takardar ta saki jiki. Shi ma leburan an raba shi da uzurinsa a gaban hukuma, ba a ba shi ilimin da zai maye gurbinsa ba. Abin kuma ba tatsuniya ba ne: a jihar Massachusetts an taɓa ɗaure mai wata makarantar horo fiye da shekara bakwai, a 2011, saboda sayar da takardun shaidar aikin asbestos ga ɗimbin mutanen da ba su zauna a aji ba.

Akwai wani saƙo a tarihin dokar da ya cancanci a tsaya a kansa. Da farko an ba mai gida damar ya sa hannu cewa ba yaro ƙarami ko mai ciki a gidansa, don haka ya yafe, a yi masa aiki yadda aka saba. A watan Yulin 2010 aka soke wannan dama. 'Yan kwangila da yawa sun ji haushi, suna cewa gidan mutum ne, lafiyarsa ce, ina ruwan gwamnati? Ni ina ganin sokewar ta yi daidai, kuma hujjata daga karatunmu take. Mutum yana yafe haƙƙinsa, ba ya yafe haƙƙin wani. Ƙurar da ta shige tsagar daɓe ba ta san an sa hannu a takarda ba. Tana nan ranar da jika zai zo hutu, tana nan ranar da za a sayar da gidan ga ango da amarya. Wanda za a cuta ɗin wataƙila ba a ma haife shi ba, to wa ya wakilta ya yafe a madadinsa?

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ba daga littafi na ji ta ba. Wani abokin sana'a ne, mutumin kirki mai sallah a sahun gaba, ya ce mini, "Ɗan'uwa, ni fa na yi karatun, takardata tana mota. Amma in na sa kuɗin leda da tef da mazuƙa da rabin yini na shara a cikin farashi, mai gida zai ce zai kira ni, ba kuwa zai kira ba. Wanda ba ya yin komai shi zai samu aikin. Yarana su ci me?" Ban da amsa mai sauƙi a kan wannan, kuma ina zargin duk wanda yake da ita bai taɓa rasa aiki ba.

Mu da muka fito daga arewacin Najeriya mun ga wannan da manyan baƙaƙe. A 2010, shekarar da dokar nan ta fara aiki, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gida, kusa da inda ake daka hatsi. Can ba sai an jira shekarun makaranta ba, yara suna suma suna mutuwa a gaban iyaye. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, aka yi wa mutane bayani. Duk da haka garin Bagega sai 2013 aka share shi saboda jinkirin sakin kuɗi, kuma a 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Mahaƙan da suka ci gaba da niƙa bayan sun ji bayani ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Zinariya tana kawo abin da gona ba ta kawowa. Masu aikin ceto da kansu sun gane cewa hani kawai ba ya aiki, sai an nuna wa mutum yadda zai ci gaba da neman abincinsa a wajen gari, da ruwa, ba tare da ya kwaso ƙurar zuwa gida ba.

Don haka malamin da ya koya wa abokina shimfiɗa leda, bai koya masa yadda zai yi wa mai gida bayanin ƙarin kuɗin ba, ya bar karatun a rabi. Dokar ma ta san haka, shi ya sa ta wajabta a miƙa wa masu gida da 'yan haya wani ɗan littafin gargaɗi kafin a fara aiki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai gidan da ya karanta, ya gane, ya zaɓi mai arha, ya ɗauki rabonsa. Hukuma ma tana da nata, domin dokar da ba a bin sawunta hukunci ce a kan mai gaskiya kaɗai. Ta kan motsa wani lokaci. A Disambar 2020 kamfanin Home Depot ya amince ya biya tarar dala miliyan 20.75 saboda saɓa wa wannan doka a ayyukan da 'yan kwangilarsa suka yi. Amma ƙananan ayyukan da ake yi a benayenmu kullum, da kuɗi a hannu ba rasit, ba mai leƙa su. Duk da haka ba zan ce wa abokina talauci ya halatta masa ba. Lalura tana halatta wa mutum ya ci abin da aka hana shi don ya rayu. Ban taɓa jin ta halatta masa ya ci da lafiyar ɗan wani ba.

Wasu kuma da ƙaddara suke rufe zancen. Su ce ai mu ma da kwalli aka raine mu, ga mu nan garau. A 2011 likitoci a Boston sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Iyayensa ƙauna ce ta sa su. Cewa ga mu nan garau kuwa, ba wanda ya san abin da zai zama da ba a rage masa komai ba. Imani da ƙaddara bai taɓa hana ɗayanmu kulle motarsa ba.

Ga inda na tsaya. Bawan Allahn da ya gurje tagogin ba tare da kowa ya taɓa gaya masa ba, ina fata ya kuɓuta, kuma tambayar za ta wuce kansa zuwa ga ɗan kwangilar da ya sa shi aikin, da mai benen, da malamin da ya sa hannu a takardar ɗan kwangilar, da mu da muka sani muke sallah kusa da shi ba mu ce masa komai ba. Daga ranar da ya ji kuwa, ya shiga sahu.

Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu na Bronx da Harlem, waɗanda suke iya tara mu don suna da ɗaurin aure da kai gawa gida, su tara mu don wannan. A nemo makarantar da hukuma ta amince da ita, a tambayi waɗanda suka yi karatu a can ko an sa su durƙusa sun shimfiɗa leda, a kawo ta ranar Asabar, a zaunar da mai fassara da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Cikin samarinmu da suka yi karatu a nan kuma suka san aikin gini, a tsayar da wasu su bi matakan zama malamai da kansu. Iyaye kuma su sani, dokar jihar New York ta wajabta a auna dalma a jinin kowane yaro yana shekara ɗaya, a sake yana shekara biyu. In an je asibiti a tambayi sakamakon, a ce a faɗi lambar.